Tagar Ƙoda

A Labasa, inda hayaƙin injin sukari
ke kwana a kan kogi,
na riƙe hannun mahaifina, Ramautar,
muna hawa matakalar asibiti ɗaya bayan ɗaya.
Shekara talatin da huɗu yana saran rake,
bai taɓa cewa wani ya nuna masa hanya ba.
Yau ni ce sandarsa.

Ya ce ƙudaje ne suka tare a idonsa,
baƙaƙe, ƙanana, ba sa jin kora.
Ya ce lambar bas ta narke,
fuskar jikarsa ta koma kamar hoto a ruwa.

Likita Litiana ta ɗiga masa magani,
ƙwayar ido ta buɗe kamar bakin rijiya.
Ta leƙa da 'yar fitila, ta daɗe a ciki.
Da ta ɗago ba ta yi zancen tabarau ba,
sai ta miƙo kwalba mai jan murfi:
"Baba, fitsarinka nake so."

Ya juyo inda yake zaton ina tsaye.
"Sarojni, gaya mata ido na kawo.
Me ya haɗa kifi da kaska?"

Ta jawo kujera har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.
Ta ce, "A bayan idonka akwai jijiyoyin jini
da suka fi gashin masara sirantaka.
Irinsu ne a ƙoda, curi-curi,
suna tace jini dare da rana.
Zaƙin da ya huda waɗannan
ba hanya ɗaya ya sani ba.
Ƙoda kurma ce, ba ta kuka
sai aiki ya kusa fin ƙarfinta.
Ido ne tagar da nake leƙa jini yana tafiya
ba tare da na ɗauki wuƙa ba.
Na ga ɗigon ja a nan.
Dole in tambayi lafiyar can."

Sai a lokacin na tuna kumfa
da nake gani da safe a bayan gida,
wadda ba ta kwanciya, kamar an kaɗa sabulu.
Na tuna takalminsa da ya daina shiga,
Mama tana dariya wai ya fara ƙiba da tsufa.
Ashe jiki ya daɗe yana sallama,
mu ne ba mu amsa ba.

Ranar Talata takarda ta fito.
Matatar ta fara yoyo,
tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe.
"Ta fara," in ji likita, "ban ce ta gama ba."
Na maƙale wa wannan kalmar
kamar mai riƙe da gefen kwale-kwale.

Ƙwayar hawan jini kowace safiya.
Gishiri kaɗan a miyar wake.
Hasken da za a harba cikin ido ran Alhamis.
Ba mu ambaci Peceli ba, maƙwabcinmu,
da ya sayar da shanun huɗarsa biyu
don injin wankin jini, sau uku a mako,
amma yana zaune tsakaninmu har muka iso gida.

Da yamma Baba ya zauna a baranda
da shayin da ba a sa masa komai ba.
Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ƙara kurɓa.
Jirgin rake ya biyo ta bayan gona.
Da can da ido yake ƙirga taragai,
yau ya karkata kunne:
arba'in da ɗaya, arba'in da biyu.

Sai ya kai hannu bayansa, ƙasan haƙarƙari,
ya dafa wurin a hankali,
kamar mai gaisawa da ɗan'uwan da bai san yana da shi ba.
"Gobe ƙarfe nawa ne maganin?"
Na ce bakwai.
Ya ce, "Ki tashe ni shida da rabi."